Hular Ma'aikaci a Rumfar Inna Kulu

Duk wanda ya ce muku ba mutane dariya aikin baki ne kawai, ku tambaye shi ko ya taɓa tsayawa gaban masunta arba'in waɗanda suka wuni ba su kama kifi ba. Ni na tsaya. Irin kallon da suka yi mini, da nono suka yi wa shi da ya yi tsami nan take. Ina faɗin haka ne saboda ku samarin da ke zuwa rumfar Inna Kulu yanzu, ku kama lasifika, ku yi ihu biyu, ku ce kun yi wasa. Kwanan nan wani cikinku ya ce mini, "Baba Na-Kende, ai sana'arku ba wuya, surutu ne." Na ce madalla, to zauna in yi maka surutun.

Rumfar nan ta girme ku, ta girmi iyayen wasunku. Tun Turawa na nan Inna Kulu ta kafa ta a mashigin jirage na garinmu, bakin Kwara, yamma da Bagudo kafin a kai Dole Kaina. Sanduna huɗu ne da zana, tana sayar da fura ga masu jiran jirgi. Mai jira ba ya son shiru, sai makaɗa suka fara raɓawa, 'yan barkwanci suka biyo baya. Ruwa ya ɗauke rumfar, an sake kafawa. Wuta ta ci ta, an sake kafawa. Lokacin da na zo ta yi faɗin da jaki zai gaji kafin ya zagaye ta. A gaba akwai fura da shayi da tsire da goro. A baya kuma, bayan wani zana, akwai wata tukunya ta wata mata daga hayin ruwa. Ni dai ban taɓa ganin wanda ya sha ba. Tukunyar ce ke ƙarewa da kanta, mutane su fito daga bayan zanan suna gaida turaku.

Ran kasuwa muke wasa, daga sallar la'asar har mai jirgin ƙarshe ya buga filafili a gefen jirgi. Da an ji wannan bugun an tashi, ko a tsakiyar waƙa ake, don rabin mutanenmu daga ƙasar Dahomai suke, wadda kuke ce wa Benin yanzu, kuma ba mai son duhu ya same shi kan ruwa.

Aikin farko da maigidana Kawu Bawa ya ba ni shi ne gyara takalma a bakin rumfa. Ni fa ba yaro ba ne lokacin, ina da mata a Kende, ina tuƙa jirgi. Ya ji ni ina tsokanar wani mai tumaki a tsakiyar ruwa har mutumin ya manta tsoro, sai ya ce in zo. Na zo da murna, ina zaton gobe zan shiga fili. Sai ya nuna mini tarin takalma.

"Jera su."

"Kawu, wasa naz zo koyo."

"Shi na kake koyo. Wanda bai san ƙahwa ba mi zai sani ga kai?"

Damina guda da rani guda na yi a bakin ƙofar nan. Na san takalmin mai shanu da na mai gishiri, na san wanda ya yi riba tun daga yadda yake cire shi. Na koyi zanen fuska, na koyi gaisuwa. Abin da Kawu ke so in gane shi ne ba kowa ake taɓawa ba. Kowa a ƙasar nan yana da abokin wasansa. Mu Kabawa namu Katsinawa ne. Bafillace yana da Ba'are da maƙeri. Bazabarme yana da Bagobiri. Jika yana da kakarsa, taubashi yana da taubashinsa. Abokin wasanka in ka kira shi bawanka gaban jama'a, ka ce shi ya cinye tuwon sadaka, ka cire masa hula, dariya zai yi ya rama. Wanda ba naka ba, sai dai ka haɗa shi da nasa: ka ɗauki maganar Ba'are ka kai wa Bafillace, ka tsaya tsakiya kana hura wuta. Kawu yana da doka ɗaya da ba ya ɗagawa: kada ka taɓa baƙo sai ka ji gaisuwarsa, ka kuma ji da bakinsa garin ubansa. Ya rasu ya bar mini filin, da hula mai faci bakwai, da takobin itace, da akushin da nake kifawa a kai in ce na yi sarauta.

Waɗannan kayan banza ne. Ainihin kayan aikina yana hannun wani mutum, shi ne gogen Baba Saini.

Baba Saini Badande ne daga wani ƙauye na Dahomai, yana biyo ruwa duk ran kasuwa da gogensa naɗe cikin fatar akuya. Dogo ne, busasshe, in ya juya gefe sai ka neme shi. Magana kuwa, ina jin kalma goma yake yi a shekara, huɗu daga ciki sallama ce. Kafin wasa sai ya zauna kusa da murhun mai tsire ya ɗumama fatar guzan da ke rufe da ƙwaryar gogen, don raɓar ruwa tana sa ta saki. Ya duba tsirkiyar gashin doki ɗaya bayan ɗaya, ya tsinke wadda ta karye. Ya fito da ƙaro daga aljihu ya goga wa izgar a hankali. Ba ya gaggawa. Ko gobara aka yi sai ya gama goga ƙaron nan.

Ga yadda muke aiki, kuma nan ne ku ba ku gane ba. Ni in jefa magana, rumfa ta fashe da dariya. Dariya tana da tsawonta, tana hawa ta sauko. In ka yi magana tana sama, ka ɓata maganarka. In ka bari ta mutu, sai ka sake tada mutane daga farko, kuma tada masunta ya fi tada jirgin da ya kafe a yashi wuya. Baba Saini ya san daidai inda dariya ke fara saukowa. A nan yake shigowa da goge ya tallafe ta, masu ƙwarya su bi shi, mata su yi guɗa. Ni kuma in samu numfashi, in zagaya ido in nemo wanda zan taɓa gaba. Da ya ga na gyara hula ya san na samu, sai ya sassauta. Ba mu taɓa zama mun tsara wannan ba. Shekaru muna yi, ban san sunan matarsa ba.

Shekarar da Turawa suka miƙa mulki an yi wasa a rumfar nan wanda kifayen Kwara sai da suka leƙo. Mutanen hayi sun riga mu samun tasu tutar da 'yan watanni, mun yi musu wasa, da tamu ta zo suka zo suka yi mana. Bayan biki ya lafa sai aka kafa wata 'yar bukkar kwano a mashigi, aka kawo ma'aikaci mai kaki da hula mai tambari, da tebur da hatimi. Da can iyaka magana ce ta Turawa, mu dai ruwa muka sani. Yanzu ga ta da kujera.

Ran kasuwa ta biyu da zuwansa ya shigo rumfa. Matashi ne mai tsabta, ya zauna a gaba shi kaɗai, gwiwoyi a haɗe. Bai cire takalmi ba, bai yi gaisuwar da zan ji ba. Na raɗa wa wani mai jirgi, wanga daga ina? Ya ce daga Katsina aka kawo shi. Ni kuwa jin Katsina sai na gyara hula. Shekara nawa ina neman Bakatsine mai kaki. Dokar Kawu ta zo mini a rai, na ce ta jira ni waje.

Na tsaya gabansa na ce, "Jama'a, ku taya ni godiya, bawan gidanmu da yaɓ ɓace tun zamanin kakana, yau gwamnati ta maido muna shi da wanki da guga."

Rumfa ta ɗauka. Na ce a ɓoye tukwane, a ƙirga awaki. Rumfa ta ƙara ɗauka. Shi bai motsa ba, na ɗauka irin Katsinawan nan ne masu tara ramuwa. Sai na miƙa hannu na cire masa hula, kamar yadda ake yi wa abokin wasa. Da a kaina na sa ta, da da sauƙi. Na waiga na ga Baba Saini yana goge da fuskar nan tasa ta ranar jana'iza, sai na kifa masa ita a kai. Mutumin Dahomai, da hular sabuwar gwamnatin Nijeriya, ta sauko masa har kunne, bai kuma fasa kiɗa ba. Wani masunci ya faɗo daga benci. Ban taɓa samun dariya irin wannan ba, kafin nan ko bayan nan.

Ma'aikacin ya tashi, ya je ya cire hularsa daga kan tsohon, ya kakkaɓe, ya fita. Daga baya na ji aiki kawai ya yi a Katsina. Asalinsa can kudu ne, nesa, inda ba a san wannan wasa ba. Abin da ya gani shi ne an wulaƙanta kakinsa gaban mutanen wata ƙasa.

Kasuwa ta gaba, Baba Saini ya sauko daga jirgi, aka ce ina takarda. Masu kifi sun wuce, masu manja sun wuce, shi aka ce sai takardar tsallake mai hoto da hatimin ƙasarsu. Inda ake yin ta tafiyar kwanaki ce. Ya tsaya, ya dubi rumfa daga nesa, ya koma cikin jirgi ya zauna da gogensa a cinya har aka juya.

Wannan ita ce muguwar shekarar. Na shiga fili ni kaɗai da masu ƙwarya. In jefa magana, a yi dariya, ta sauko, ba wanda zai tallafe ta, ta faɗi ƙasa kowa yana ji. Sai in yi gaggawar jefa wata kafin na zaɓi mutum da kyau, ta fita gurguwa. Ba ku san shirun rumfa ba. Za ka ji mai tsire yana juya nama, ka ji jariri yana shan nono a layin baya. Mutanen hayi suka daina tsayawa, don goge suke so, Hausata ma rabi suke ji. Na samo wani mai kukuma daga wajen Bagudo. Shi kuma kansa yake yi wa kiɗa, yana shigowa a tsakiyar maganata kamar saniya a gonar gero. Kasuwa uku muka rabu. Da damina ta yi nisa sai da na yi wasa gaban wani kurman masunci da akuyar Inna Kulu, akuyar ma ta fita kafin a gama. Matar bayan zana ta ɗauke tukunyarta. Ina gama wasa in naɗe tabarmi in bi hanyar Kende a ƙafa, ina maimaita wa kaina maganganun da ba a yi wa dariya ba, ina neman inda suka karye.

Inna Kulu ta kira ni. Ta tsufa lokacin, tana zaune tana dama fura da hannu ɗaya.

"Na-Kende, masu shinkahwa na son rumfag ga su aje buhuna. Na ce su bari sai kaka. In Saini bai dawo ba kahin nan, kai da hularka ku nemi wata inuwa."

"Inna, ai ina ƙoƙari."

"Ƙoƙarinka na yak kai mu nan."

Na je wurin ma'aikacin ba da haƙuri sau biyu. Na farko na tafi da goro, ya ce ba ya ci. Na biyu na tafi da mai unguwa, ya ce doka ce, ba shi ya rubuta ba. Abin da ban lura da shi ba sai daga baya, shi ma garin ya juya masa baya. Ba wanda ya zage shi. Ana dai miƙa masa takarda, a karɓa, a wuce. Mai tsire ya sayar masa ba gyara ba hira. Yana wuni a bukkar kwanon nan daga shi sai hatimi, yana kallon ruwa.

Wata ran kasuwa, gero ya fara nuna, ruwan sama ya kori mutane tun azahar. Ina zaune a rumfa ina ɗinke facin hulata, Inna na gyangyaɗi, sai ga shi ya shigo fakewa. Wannan karon ya cire takalmi. Ya yi sallama ya zauna can baya.

Can ya ce, "An gaya mini abin da ka yi wasa ne. Wai kun ɗauka ni Bakatsine ne."

"Haka na, ranka ya daɗe. Laihina na, ban tambaya ba."

"Kowa a nan yana da wanda yake zagi su yi dariya?"

"Kowa."

"To ni fa? Wane ne nawa?"

Na tambaye shi garin ubansa, abin da ya kamata in yi tun watanni. Ya faɗi wani suna da ban taɓa ji ba. Na duba duk abin da Kawu ya koya mini, daga Gobir har Borno, ban samo masa kowa ba.

Na ce, "Gaskiya, nan ba ka da shi."

Ya gyaɗa kai, ya mai da ido ga ruwan da ke zuba daga bakin zana. Ashe Inna Kulu ba barci take ba.

"Kai yaro, kakarka na da rai?"

"Ta rasu, Mama."

"To ka samu wata. Daga yau jikana kake, jika ko miji na. Dubi mijin da Allah yab ba ni da tsuhwa, ƙahwahu awa na balbela. Wata nawa kana garin ga ba ka kawo min cefane ba? Ko hatimin zan dahwa?"

Ya dube ni, na ce, "Rama, ranka ya daɗe, yanzu halas ta." Bai iya ramawa ba, amma kafaɗunsa sun yi rawa, ya sa hannu ya rufe fuska. Inna ta tura masa ƙwaryar fura da ƙafa, ta ce ya sha kada a ce tana barin miji da yunwa. Washegari ya aiko a kira ni, ya ba ni takarda da hatimi, ya ce mai goge ya riƙa nuna wannan, ba mai tsai da shi.

Na shiga jirgi da takardar cikin hula don kada ta jiƙe. Na sami Baba Saini a ƙofar gidansa yana gyaran taru. Ya amsa sallama, ya matsa mini tabarma. Na fito da takarda na yi masa bayani da ƙari, na ce gwamnati da kanta ta yi kuka, an ce in bai dawo ba za a mai da mulki ga Turawa. Ya karɓa ya juya ta, ya miƙo mini.

"Na aje goge."

"Ka aje ina? A ɗauko."

"Na tuba hannun malam. Bari rani ya yi in kama hanyar gabas."

Makka yake nufi, a ƙafa. Na ce Baba, ko kasuwa ɗaya. Na ce masu shinkafa za su cinye rumfa. Ya ci gaba da ɗaure taru, sai da ya kai ƙarshen layi.

"Kasuwa tara ina zuwa mashigi ina komawa. Ban gan ka bakin ruwa ba."

Gaskiya ya faɗa. Ina cikin rumfa lokacin ina fama da shiru, ban taɓa tunanin in sauko in gaishe shi a cikin jirgi ba. Ya ce akwai mijin ƙanwarsa, yana taɓa goge, ba laifi, zai turo shi da wannan takardar in an yarda a canza suna. Ya sa aka kawo mini tuwo da miyar kifi. Muka ci tare, ya raka ni bakin ruwa, ya koma tun jirgi bai tashi ba.

Mijin ƙanwar ya zo, shi ya hana buhunan shinkafa shiga rumfa. Bayansa an yi wasu masu goge, an yi masu garaya, har aka zo zamanin kaset da lasifikarku. Wasu sun fi Baba Saini zaƙin hannu. Duk cikinsu sai na gaya wa mutum inda zai shigo, in ɗaga masa yatsa ko in taka ƙafa. Baba Saini ya tafi gabas da rani, ba wanda ya kawo mana labarinsa.

Amma ranar da na dawo daga ƙauyensu nake son ku ji. Jirgi ya iso mashigi da yamma, ma'aikacin yana tsaye bakin ruwa, ya fito daga bukka tun da ya hango mu. Ya leƙa cikin jirgi, ya duba bayana.

"Ina mutumin?"

"Ba shi zuwa. Ya bar kiɗa."

Ya tsaya da hannu a aljihu. Masu jirgi suna sauke kaya, duk kunnuwansu na wurinmu. Na ga yana motsa baki, yana haɗa wani abu, kamar mai ɗaukar kaya a kai karon farko. Sai ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Kai Bakabe, an aike ka ɗauko mutum ɗaya, ka dawo da tumbi cike da tuwo."

Maganar ba gishiri, ba a ajiye ta daidai ba, kuma ba shi da hurumin yin ta, don ni ba abokin wasansa ba ne. Masu jirgi suka dakata suna jiran su ga abin da zan yi. Shi ma yana jira, ya ma fara gyara hula don ya koma bukka.

Na riƙe ciki na yi masa dariya, na buga ƙafa, na dafa jirgi, har masu sauke kaya suka kama. A duk shekarun da na yi a sana'ar nan ban yi aikin da ya kai wannan nauyi ba. In akwai mai ganin surutu ne a cikinku, ya zo ya gwada.